Hoton Inna ta Maga

Kyamarar da na fi daɗewa da ita a hannu ba ni na saya ba, Yaya ce ta kawo mini. Ita ce babba a ɗakinmu, ni ne auta, kuma tazarar da ke tsakaninmu ta kai baƙi su ɗauka ita ta haife ni. Ba su yi kuskure sosai ba. Mahaifiyarmu ta rasu ina rarrafe, Yaya ce ta goya ni, ita ta kai ni makaranta da hannunta, kuma da aka yi mata aure ma da ni ta tare.

Mu Hausawan Garwa ne. Kakanmu ya zo daga wajen Kano da fataucin goro da tufafi, ya ga gari ya karɓe shi, ya zauna. Rumfarsa ta babbar kasuwa har yau tana hannun dangi, kuma a cikinmu Yaya ce ta gaji jinin kasuwancin. Atamfa da leshi take sarowa, da farko daga Duwala da Kwatano, daga baya har ƙetare. Ni kuwa boko na bi, na zama malamin labarin ƙasa a wata makarantar sakandare a cikin gari.

Tun ina saurayi nake son hoto. Ina da wata 'yar kyamarar aljihu, ranar da ba aiki sai in hau babur in tafi gadar Binuwai in tsaya ina jiran dorina su ɗago kai. In na dawo na nuna wa Yaya, sai ta kai 'yar kyamarar kusa da idonta, ta juya ta, ta tambaye ni wanne ne dorinar a cikin baƙaƙen ɗigon nan. Dariya take yi mini, amma ashe tana lura.

Wata rana bayan ta dawo daga tafiya ta aiko in zo gidanta bayan la'asar. Na same ta a falo, dilolin kaya jibge ko'ina, 'yan sari suna jira a waje. Ta jawo wata baƙar jaka daga bayan kujera ta tura mini. Da na buɗe sai na ga kyamara irin wadda nake gani a hannun 'yan jarida, baƙa, mai nauyi, da gilashinta guda biyu, gajere da dogo, kowanne a naɗe cikin leda. Na fara godiya, ta katse ni.

"Ka je ka koye ta sosai, Auta," in ji ta. "In ka iya, akwai aikin da za ka yi mini."

Na ɗauka hoton atamfa take so ta riƙa tura wa masu saye, don haka ban ma tambaya ba.

Koyon bai zo da sauƙi ba. Watannin farko a kan otomatik na bar ta, ita ke zaɓar komai, ni dannawa kawai nake yi, kuma hotunan ba su fi na 'yar aljihuna da wani abin kirki ba. Wanda ya cece ni wani abokin aikina ne, malamin kimiyya, mutumin kudu da aka turo Garwa, wanda ya yi wasa da kyamarar fim a ƙuruciyarsa. A ɗakin malamai ya karɓe ta, ya murɗe gilashin ya cire, ya nuna mini wani ɗan madubi a ciki. Ya ce abin da nake gani in na kafa ido, madubin nan ne ke ɗauko mini shi ta cikin gilashin, kuma ƙarar da nake ji in na danna, shi ne ke ɗagawa ya ba haske hanya. Daga nan ya yi mini bayanin abin da ya rage: yadda ake buɗe idon kyamara ko a tsuke shi, da saurin ƙiftawarsa, da yadda ake ƙara mata jin haske in wuri ya yi duhu. Ya murɗa maɓallin ya kawar da shi daga otomatik, ya ce kada in sake mayarwa sai na yi wata guda ina ɓata hotuna.

Na ɓata su kuwa. Wasu suka fito fari fat, wasu baƙi ƙirin. Amma da yake ba fim ba ne, gogewa kawai nake yi in sake. A hankali na gane cewa ranar Garwa ta tsakiyar yini ba ta yi wa fuskar baƙin mutum adalci, tana ƙona goshi ta bar idanu cikin rami. Na koyi fita da sassafe ko da yamma liƙis, na koyi neman inuwar darbejiya. Na je duwatsun Kola a Gidar, na je gonakin auduga a wajen Bibemi lokacin tsinka, na ci kasuwannin ƙauye da jakata a kafaɗa. Na koyi yin gaisuwa da Fillanci mai tsawo kafin in ɗaga kyamara, da haƙura in mutum ya ce a'a. Dorinata ma ta fito dorina, har da gashin bakinta.

Duk tsawon lokacin nan Yaya ba ta ce in ɗauki ko turmin atamfa ɗaya ba. Takan dai karɓi kyamarar lokaci-lokaci ta duba abin da na ɗauko, ta wuce duwatsu da tsuntsaye da sauri, ta tsaya a kan fuskokin mutane. Ran nan ta daɗe tana kallon hoton wata tsohuwa mai sayar da nono da na ɗauka a Bibemi, sannan ta miƙo mini ta ce in hutun ƙarshen shekara ya zo in shirya, za mu Maga wajen Inna.

Inna ƙanwar mahaifiyarmu ce, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma ita kaɗai ta rage a ɗakinsu. Wani ɗan kasuwa daga Kusuri ya aure ta, suka zauna a Maga tun lokacin da aka tare ruwa aka fara noman shinkafa. Ya rasu ya bar ta da 'ya'ya da gida, ta ƙi dawowa Garwa. Ni ban san ta sosai ba. Nakan gan ta a biki ko rasuwa, in durƙusa in gaishe ta, ta shafa kaina, shi ke nan.

A cikin mota, mun wuce Gidar, Yaya ta faɗa mini abin da ke ranta. Ta ce hoton mahaifiyarmu ɗaya ne tak a duniya, na katin shaida, kuma yana cikin akwatin da ruwa ya shiga wata damina tun ina yaro, ya narke. Ta ce da can in ta rufe ido tana ganin fuskar sarai, amma 'yan shekarun nan ta fara ɓace mata, sai murya ta rage. Kuma duk wanda ya san su biyun ya san Inna kamar an tsaga kara take da yayarta.

"Ni ina so in riƙa gani kafin ta ɓace mini gaba ɗaya," ta ce. "Kai kuma ba ka taɓa gani ba."

Na rungume jakar a cinyata har Marwa, na ji ta ƙara nauyi.

Daga Marwa muka shiga ƙaramar mota. Maga fili ne shimfiɗe, fadamun shinkafa har iyakar gani, ga doguwar madatsa, bayanta tafki kamar ba shi da ƙarshe. An gama girbi, ko'ina buhuna ne da tsuntsaye. Gidan Inna na ƙasa ne mai faɗin tsakar gida, rabinsa shanyar shinkafa. Sana'arta gumi: ta jiƙa shinkafa mai ɓawo, ta turara ta a manyan tukwane, ta shanya, a kai inji. Mun same ta a bakin murhu, zane ɗaure a ƙirji, hayaƙi ya turnuƙe ta. Ta yi murna har da hawaye, ta sa aka sayo ƙaton kifi giwan ruwa daga bakin tafki.

Yaya ba ta gaya mata dalilin zuwanmu ba. Ta ce dai Auta ya sami sabuwar kyamara, yana so ya ɗauke ta. Washegari Inna ta yi wanka, ta fito da leshin da take ajiya don biki, ta sa awarwaro da 'yan kunne, ta kafa ɗauri mai tsini irin na zamani. Aka fito da kujerar roba tsakar gida. Ta zauna ta miƙe wuya, ta ɗora hannuwa bisa gwiwa, ta ɗaure fuska tamau kamar mai jiran hukunci. Na matsar da kujerar zuwa inuwa, na gyara komai yadda aka koya mini, na ɗauka da yawa. Hotunan sun fito tsaf, har zaren leshin ana gani. Yaya ta duba su ɗaya bayan ɗaya, ta ce sun yi kyau, ta shiga ɗaki. Na bi ta, na tarar ta zauna bakin gado. Ta ce ba ita ba ce. Mahaifiyarmu ba ta taɓa zama haka ba, mace ce mai motsi, ko magana take yi kanta a karkace yake.

Na ji babu daɗi, har da ɗan haushi, don ni a ganina na yi aikina. Da yamma na ɗauki dogon gilashin na hau madatsa. Masunta suna dawowa da kwalekwale, balbelu sun yi fari a kan itatuwa, can nesa ga gauraki biyu a cikin fadama. Na yi ta ɗauka har rana ta faɗi, amma hankalina ba ya wurin.

Kwanakin da suka biyo baya na daina cewa Inna ta zauna. Na saka gajeren gilashin, na rataya kyamarar a wuya, na zama ɗan aikenta. Na ɗauko mata itace, na taya ta juya shanya da ƙafa, na zauna kusa da ita tana bakace. Da farko duk lokacin da ta ji ƙarar madubin nan sai ta ƙame ta gyara zane. Daga baya ta gaji, ta ce wannan abu naka kamar ƙadangare, ba ya gajiya da gyaɗa kai, ta ci gaba da harkarta. A nan na fara jin hirarta. Tana Hausa irin ta kakanninmu, ta juya ta yi wa maƙwabciya Larabcin Shuwa, ta yi wa mai kawo itace Fillanci, kuma a kowane harshe sai ta ba mutum dariya.

Yaya kuwa kullum sai ta karɓi kyamarar ta duba, ta mayar mini da ita. Inna tana kallonmu ta gefen ido.

Wata safiya muna zaune a ƙofar ɗakinta muna shan kunun gyaɗa, hasken hantsi yana shigowa ta gefe, Yaya ta sake miƙo hannu ta karɓi kyamarar. Sai Inna ta ajiye ludayinta.

"Ke, 'yar nan," ta ce, "ba ni kuke nema a cikin abin nan ba ko? Yayata kuke nema."

Yaya ta sunkuyar da kai. Ni ma na rasa inda zan sa idona. Na yi zaton ranta ya ɓaci, kuma da ya ɓaci da ba ta yi laifi ba. Sai ta ce ai da mun faɗa tun ranar farko da ba ta sha wahalar leshi ba. Ta tashi ta shiga ɗaki, muka ji tana buɗe akwati. Ta fito da wani tsohon ɗankwali shuɗi da ya koɗe, ta ce na yayarta ne, shi ta ɗauka ranar rabon kaya. Ta warware nata, ta ɗaura wannan, ba mai tsini ba, ta kwantar da shi ta jawo shi gefen hagu har ya rufe rabin kunne, ta bar jelar ta sauko kafaɗa.

Ta zauna inda take, ta fara ba mu labari. Ta ce yayarta ba ta iya ciniki ba ko kaɗan, amma ba ta yarda ba ta iya ba. In mai tallan kifi ya faɗi kuɗi, sai ta karkata kai haka, ta ɗaga gira ɗaya, ta dube shi kamar ya zagi iyayenta, daga ƙarshe kuma ta biya abin da ya faɗa har ta ƙara masa da ruwan sha. Tana faɗa tana kwaikwayo. Ta karkata kan, ta ɗaga girar, dariya tana neman ƙwace mata a gefen baki. Na zare kyamarar daga hannun Yaya. Na ɗaga ta a hankali, na buɗe idonta sosai don bangon baya ya dushe, na danna.

Na miƙa wa Yaya. Ta duba, ta kai hannu ta rufe bakinta. Ta daɗe a haka. Sannan ta ce, a hankali, "Ga ta nan."

Na karɓa na duba ni ma. Gaskiyar magana, ban ji abin da na zaci zan ji ba. Ban tuna komai ba, don babu abin tunawa a kaina. Tsohuwa na gani mai shuɗin ɗankwali da idanu masu wasa. Amma na ga yadda kafaɗun Yaya suka sauka, kamar wadda ta sauke tulu bayan doguwar tafiya, kuma wannan ya ishe ni.

Inna ta ce a ba ta ta gani. Ta riƙe kyamarar nesa da fuskarta, ta ƙanƙance ido. Ta ce kamar dai akwai, sai dai yayarta ba ta kai ga waɗannan tamoji ba. "Ita ba ta tsufa ba," ta ce. "Ni na tsufar mana mu biyu."

Ta kwance ɗankwalin, ta ninke shi, ta ɗora a cinyar Yaya ta ce ta tafi da shi. Ta mayar da nata na aiki. Sannan ta dube ni.

"To, ɗana, ka ɗauki yayata. Yanzu taso ka ɗauke ni."

Ta wuce gaba zuwa bakin murhu. Ta buɗe tukunyar gumi, tururi ya tashi, ta ɗauki babban mara ta tsaya, hannu ɗaya a ƙugu. Ba ta ƙame ba, ba ta kuma yi murmushi ba, ta dube ni kai tsaye irin kallon mai gida a gidanta. Rana tana bayanta, ta haska tururin. Da a watannin farko ne da fuskar ta fito baƙa, amma na san abin yi, na ƙara haske don fuskarta na bar sama ta ƙone. A duk hotunan da na ɗauka da kyamarar nan, da na gasa da na biki da na tsuntsaye, babu wanda nake so kamar wannan.

Sauran hutun a gindinta na ƙare shi. Da ta ga ina da kunne sai ta buɗe mini. Ta gaya mini mahaifiyata tana tsoron kwaɗi, tana son ɗanwake da yaji mai yawa, kuma ita ta raɗa mini sunan da ake kirana da shi a gida. Ta gaya mini nata ma: zuwanta Maga tana amarya ba ta san kowa ba, shekarar da tsuntsaye suka cinye shinkafa, yadda ta koyi gumi a wajen wata maƙwabciya don kada ta zauna jiran hannun miji. Na je neman fuskar wadda ta rasu, na dawo da uwa mai rai.

Da muka koma Garwa na kai hotunan biyu aka wanke su manya, aka sa a firem. Yaya ta rataye mai shuɗin ɗankwali a ɗakin kwananta, ɗayan kuma a falo. Na yi niyyar komawa Maga duk hutu, na kuma samu na koma sau da dama. Daga baya tashin hankali ya tsallako iyaka, hanyoyin arewa suka cika da shingaye, kuma mutum ɗauke da kyamara mai dogon gilashi ya zama abin tambaya. Ban ga laifin masu tambayar ba. Na riƙa barin ta a gida, daga baya tafiyar ma ta yi wuya, muka koma gaisawa ta waya.

A cikin shekarun nan ne yanar ido ta rufe wa Inna gani. Yaya ta matsa mata har ta yarda aka kawo ta Garwa aka yi mata aiki. Ranar da aka cire mata bandeji muka dawo da ita gida, ta zauna a falo tana kallon komai kamar baƙuwa, labule, fanka, fuskokin jikoki. Sai idonta ya kai kan bango. Ta ce a sauko mata da shi. Ta ɗora firem ɗin a cinya ta daɗe tana dubawa, muna jira mu ji. Daga ƙarshe ta ce ashe haka tukunyar nan ta yi baƙi, kuma a rasa wanda zai ce mata ta wanke kafin a ɗauka. Muka yi ta dariya har ita. Amma ba ta bari an mayar da shi bango ba sai da ta nuna wa duk wanda ya zo dubiya, tana cewa ɗanta ne ya ɗauka, malami ne a makarantar gwamnati.

Ta koma Maga da idonta garau, ta yi wasu shekaru tana gumi kafin ƙarfi ya ƙare. Da ta rasu, bayan addu'ar bakwai, 'ya'yanta suka tambaye ni ko ina da sauran hoton nan na bakin murhu. Na wanke wa kowannensu. Ɗaya yana Kusuri, ɗaya yana Marwa, ɗaya yana ɗakin da ta zauna, inda babbar jikarta ke zaune yanzu da mijinta. Allah ya jiƙanta, ya jiƙan yayarta, ya saka wa Yaya da alheri. Abokina malamin kimiyya ya yi ritaya ya koma garinsu, mukan gaisa lokaci-lokaci, ya turo mini hotunan gonarsa ta koko, ni kuma in tura masa abin da na samo a bakin kogi.